Tsohon katako ko sabo: wanne ya dace da cikin shago, ofis ko otal?

Ka ɗora falanki biyu a kan teburin kafinta. Na farko jiya ya fito daga injin tsaga, fari tas, gefensa a miƙe kamar an ja da zare. Na biyu daga rufin wani tsohon sito da aka rushe aka ɓamɓaro shi. Ya yi duhu, ga ramin ƙusa mai kusurwa huɗu da baƙin tabo kewaye da shi kamar an ɗiga tawada, ga sawun haƙoran zarto a lanƙwashe a bayansa. Duk mai gini da na taɓa nuna wa waɗannan biyun, a kan na biyun hannunsa ke fara sauka. Ya shafa, ya jinjina, ya ce wannan yake so a ko'ina: bango, daɓe, silin, kanta, har matakalar bene. A nan nake cewa a dakata tukuna. Gidan zama daban, wurin kasuwanci daban. A wurin kasuwanci akwai ɗaruruwan ƙafafu a wuni, akwai jami'in kashe gobara da zai zo dubawa, akwai kamfanin inshora, akwai kuma ranar buɗewa da aka riga aka buga a takardar gayyata.

Zaɓin ma ba biyu ba ne, huɗu ne. Akwai tsohon katako na gaske mai cikakken kauri. Akwai sabon katako. Akwai sabon da aka tsufar da gangan, aka kankare shi da burushin waya, aka bubbuga masa sarƙa, aka shafa masa launi. Sai kuma ɗan tsaka-tsaki: a yanko tsohon katako siriri, kaurin milimita 3 ko 4, a manna a kan filawud, fuska tsohuwa, baya sabo. Da yawa daga bangwayen da kake gani a manyan otal-otal kana zaton gundumemen katako ne, wannan na huɗun ne.

Bari in fara ba tsohon haƙƙinsa, domin yana da abin da kuɗi ba sa sayowa a sabo. Masaƙu da masana'antun Amurka na ƙarni na 19 da wani irin itacen fayin mai dogon ganye aka gina da yawa daga cikinsu, wanda dazuzzukansa suka taɓa rufe kusan eka miliyan 90 a kudu maso gabashin ƙasar. Zuwa shekarun 1990 abin da ya rage bai wuce kusan eka miliyan 3 ba. Itatuwan da aka sare a wancan lokacin sun yi ɗaruruwan shekaru suna girma a hankali cikin cunkoson daji, shi ya sa in ka duba kan gungumen za ka ga da'irorin shekaru a matse, kusan duka zuciya ce mai ɗauke da ƙaro. Fayin ɗin gandun da ake shukawa yau ana sare shi yana da shekara 25 ko 30, da'irorinsa a warwatse, jikinsa sakwaf. Itacen cesnat na Amurka ma ya fi wannan: wata cutar naman gwari da aka fara ganowa a birnin New York a 1904 ta kashe biliyoyinsa kafin tsakiyar ƙarnin. Yau in kana son falankinsa, sai dai daga tsohon rumbu ko tsohon gida. Haka faɗin katako. Falanki mai faɗin santimita 30 ko fiye, ko dirka ɗaya mai tsawon mita 10 ba haɗi, a tsohon gini suka fi sauƙin samu. Nan kam da tsohuwar zuma ake magani.

Amma akwai maganar da 'yan kasuwa ke yi wadda ba na bari ta wuce: wai tsufa ne ke ƙara wa katako tauri. Shekaru ba sa mai da itace mai laushi ya zama dutse. Taurin na jinsin itacen ne da yadda ya girma. A ma'aunin Janka, wanda ke auna ƙarfin da ake bukata a lotsa ƙwallon ƙarfe rabinsa cikin katako, jan itacen ok yana da 1,290, mapul mai tauri 1,450, fir na Douglas 660, cesnat ɗin da ake ta yabo kuwa 540 kacal. Ka shimfiɗa cesnat a daɓen shagon da ake jan kwalaye da keken kaya, cikin wata shida za ka ga taswirar duk inda taya ta bi. Wani abin mamaki kuma, a itacen ok lissafin a juye yake: wanda ya girma da sauri ya fi wanda ya girma a hankali nauyi da tauri. Don haka in tauri kake nema a daɓe, sabon ok ba ya jin kunyar tsoho ko kaɗan.

Magana ta biyu da ake yi ita ce tsohon katako ya gama bushewa, ba zai ƙara motsi ba. Rabin gaskiya ce. Katako ba ya daina shan laimar iska da fitar da ita, ko ya shekara ɗari biyu. Wanda ya zauna a buɗaɗɗen rumbu danshinsa kan kai kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari, ko fiye. Ofis mai na'urar sanyaya ɗaki kuwa zai ja shi zuwa tsakanin kashi 6 da 9. Ka yi lissafi da falankin ok mai faɗin santimita 20: in ya sauko daga 14 zuwa 8, zai tsuke da kusan milimita 4. A bango mai falanki talatin a jere, ka ga tsaga talatin, kowace tana nuna farin fentin da ke baya. Shi ya sa ƙwararru ke shafa wa bangon baƙin fenti kafin su kafa katakon, kuma shi ya sa tambayata ta farko ga mai sayarwa ita ce ko an sa katakon a tanderun busarwa. Sabon katakon daɓe daga masana'anta a bushe yake zuwa, a naɗe, danshinsa ɗaya. Tsoho kuwa sai ka soka masa ma'aunin danshi da hannunka, ba a falanki ɗaya ba, a goma daga wurare daban-daban na lodin.

Tanderun nan yana da aiki na biyu, kuma da tsada na koye shi. Mun taɓa lulluɓe bangon bayan teburin karɓar baƙi na wani ofis da tsohon katako da muka saya wurin wani mai rushe gine-gine. Ya rantse a bushe yake, kuma a bushen yake. Bayan kamar wata huɗu aka kira ni. Mai shara ta ce kullum da safe tana tarar da ɗan tsibin gari mai laushi a gindin bangon, ta share, gobe ya dawo. Na tafi da tsohon kafintan da muke aiki tare. Ya durƙusa, ya murza garin tsakanin yatsunsa, ya haska tocila a jikin katakon. Ƙananan ramuka ne kamar an soka allura, bakinsu fari sabo, ba irin tsofaffin ramukan da suka yi duhu ba.

Na ce, "Baba, ko feshi zai yi?"

Ya girgiza kai. "Yallaɓai, feshi a waje yake tsayawa. Su kuwa a ciki suke, tun ƙwai muka shigo da su da hannunmu."

Sai da muka sauke bangon gaba ɗaya a ƙarshen mako, aka kai tanderu, aka dawo aka sake kafawa, ga kuma fargabar kada ƙwarin su tsallaka sauran kayan ofishin. Abin da ke kashe su zafi ne da ya ratsa har tsakiyar katakon. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta katakon lodin kaya, ISPM 15, ta sa digiri 56 na ma'aunin Salsiyas a tsakiyar katako na tsawon minti 30. Mun guje wa kuɗin tanderu ne da farko, ashe gudun gara muka yi muka faɗa gidan zago.

Daga nan maganar kuɗi ke fitowa. Mutane na zaton tunda kayan rushe-rushe ne, araha zai yi. Katakon da ke jibge a filin rusau yana iya yin araha, amma tsakanin can da bangonka akwai hannaye da yawa. Sai an bi kowane falanki da na'urar gano ƙarfe, an tono duk guntun ƙusar da ta karye a ciki, domin guda ɗaya tak in ta sha wuƙar injin fere katako, wuƙar ta tashi aiki, kuma kowane falanki da ya biyo baya zai fito da layi a fuskarsa. Sai wanki, sai tanderu, sai a daidaita kauri, tunda katakon dā ba kaurinsa ɗaya ba. A wurin kafawa ma kafinta zai daɗe yana zaɓe da jerawa, yana yanke ruɓaɓɓen baki da wurin da ya tsage. Da sabon katako kashi 5 zuwa 10 nake ƙarawa a kan awon fili saboda asara. Da tsoho ba na yin ƙasa da 15, wani lokaci 20. In aka haɗa duka, tsohon katakon da aka gyara yadda ya kamata yawanci ya fi sabon jinsinsa tsada. In ka ga ya fi araha sosai, tambayi wane mataki aka tsallake.

Yanzu ga inda na fi son ka tsaya, domin nan ne kyan ɗan maciji yake. Ba ka san abin da katakon ya sha a rayuwarsa ta farko ba. Falankin nan mai ragowar farin fenti ko ja da ke ɓarewa, wanda masu zanen cikin gini ke mutuwar so, da wuya a ce babu dalma a fentinsa. Amurka sai a 1978 ta hana fenti mai dalma a gidaje, kuma kusan duk ginin da ya isa a kira katakonsa tsoho ya girmi wannan shekarar. Dalma ba ta da matsala sosai muddin tana zaune, amma da zarar an sa samfefa ko injin gogewa ta zama ƙura, kafinta ya shaƙa, ta kwanta a kan kaya, yara su kai hannu baki. Ana gwadawa da ɗan tsinken gwaji, ko na'urar da ke haska fentin ta karanta ƙarfen da ke ciki, ko a kai ɓawon fentin ɗakin bincike. In ya nuna akwai, ko dai a fere fuskar gaba ɗaya a wurin da aka tanada, wanda ke nufin kyan da ka saya ya tafi, ko a haƙura da shi. A wurin renon yara, asibiti ko gidan abinci, ni ba na ma tsayawa ciniki.

Katakon shimfiɗar layin dogo kuwa, komai kwarjininsa, kada ya shiga cikin gini. An jiƙa shi da wani mai da ake tatsowa daga kwaltar kwal don kada ya ruɓe. Ɗaki na yin ɗumi zai fara tsattsafo da baƙin maiƙo da wari, ya ɓata tufafin duk wanda ya jingina, kuma hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa wannan man a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wannan cutar. Dokar Tarayyar Turai ta hana amfani da irin wannan katako a cikin kowane irin gini, ko da na hannu ne. Haka katako mai ɗan kore-kore daga tsofaffin shingaye da dandamalin waje: galibi da maganin da ke ɗauke da gubar arsenik aka dafa shi, wanda aka janye daga yawancin ayyukan gida a Amurka a ƙarshen 2003. Katakon lodin kaya da ake kwancewa a yi ado da shi, duba tambarinsa: HT na nufin da zafi aka kashe ƙwarinsa, MB na nufin da iskar guba aka turara shi, a bar wannan. Ko HT ɗin ma bai gaya maka abin da ya taɓa zuba a kansa a cikin jirgin ruwa ba. Sabon katako ba shi da irin wannan ɓoyayyen tarihi. Abin dubawa a gefensa, da kuma ɗan tsaka-tsakin nan mai filawud, shi ne gam ɗin da aka yi amfani da shi, saboda iskar fomaldihaid da wasu ke fitarwa. Amma wannan akwai takarda a kansa, kamar alamar E1 ta Turai, ka karanta ka sani.

Sai gobara, wadda ita ce ke rushe shirin mutane da yawa a makon ƙarshe. A Amurka ana gwada kayan lulluɓe bango da silin da gwajin ASTM E84, a ba su aji bisa saurin da wuta ke bin fuskarsu: ajin A, wanda wuta ta fi jinkirin bi, daga 0 zuwa 25, B daga 26 zuwa 75, C daga 76 zuwa 200. Yawancin katakon da ba a yi wa magani ba a C yake faɗawa. A Turai ma'aunin EN 13501-1 ne, kuma katako tsurarsa galibi ajin D yake samu, sai an yi masa magani ya kai B. Cikin ɗaki ana iya yarda da aji na ƙasa, amma matakalar fita da doguwar barandar da jama'a za su bi in wuta ta tashi sun fi tsanani, musamman a ginin da ba shi da bututun yayyafin ruwa a silin. Tsoho da sabo duk katako ne, duk suna ci da wuta. Bambancin a takarda yake. Sabon katako za ka iya sayensa an riga an dafa shi da maganin hana wuta a masana'anta, da shaidar gwaji mai ɗauke da jinsinsa da kaurinsa. Tsoho kuwa sau da yawa lodi ɗaya jinsi uku ne a gauraye, kauri daban-daban, wani ya sha man inji shekara tamanin a daɓen masana'anta. Maganin shafawa ba ya kama fuskar da ke da tsohon fenti ko maiƙo yadda ya kamata, wani kuma yana barin farin hazo da ke kashe launin. Saboda haka ka kai wa jami'in da zai sa hannu samfurin katakon da takardar maganin tun ana zane, ba bayan an buga ƙusar ƙarshe ba. Ka kuma tambayi kamfanin inshorarka a rubuce.

Ɗaukar nauyi ba ya bukatar dogon bayani. Sabon katakon gini da tambarin daraja yake zuwa, injiniya ya duba ya yi lissafi. Tsohuwar dirka ba ta da tambari, tana da ramukan noti da yankan da aka yi mata a ginin farko, kuma kowanne ya rage mata ƙarfi. Ko dai a kawo mai tantance katako ya sake ba ta daraja, ko ƙarfe ya ɗauki nauyin, ita ta zama ado a rataye.

A daɓe kuma, abin da ke da kyau a hoto shi ke wahalar da mai shara. Fuska mai kaushi tana riƙe ƙura da maiƙo, ramin ƙusa yana kama tsinin takalmi, gefen da ya tashi yana tuntuɓe da mutane. Dokar kare haƙƙin naƙasassu ta Amurka ba ta yarda da tudun da ya wuce kusan milimita 6 a tsaye ba, sai an shafe bakinsa, domin keken guragu. Don haka tsohon katakon daɓe a wurin jama'a sai an goge shi ya yi sumul, an cike ramuka da gam mai ƙarfi da ake kira ifoksi, an shafa banis mai kauri. Bayan duk wannan, abin da ya rage na tsufansa launi ne da baƙaƙen tabon ƙusa. Suna da kyau, ban musa ba, amma ka sani rabin abin da ya burge ka a teburin kafinta ya tafi da injin gogewa. A bangon da mutane ke gogawa da kafaɗa ma sai an kashe kaifinsa, in ba haka ba sartse da yagaggen mayafi ne za su zama ƙorafin kullum.

In kana da rassa da yawa da kake son su yi kama ɗaya, tsohon katako na gaske zai ba ka ciwon kai. Kowane gini da aka rushe da nasa launi, in lodin ya ƙare ya ƙare ke nan. Nan ne sabon da aka tsufar yake da ranarsa: launi ɗaya bana da baɗi, ga takardar gobara, ga lokacin isowa tabbatacce. Daga nisan mita uku ba kowa ke ganewa ba. Daga kusa kam ana ganewa. Ramin ƙusa na gaskiya a itacen ok yana da baƙin tabo da ya ratsa cikin naman katakon, saboda ƙarfen ya daɗe yana haɗuwa da sinadarin tanin da ke cikin itacen, in ka yanka za ka ga baƙin ya bi ciki. Na jabu a fuska kawai yake. Ramukan ƙwari na gaskiya a karkace suke tafiya, na jabu a miƙe, zurfinsu ɗaya, kuma in ka lura za ka ga tabo iri ɗaya yana maimaita kansa a falanki na biyar da na goma. Laifin ba a kayan yake ba, a mai sayar da shi da sunan tsoho da farashin tsoho yake. Shi ma mai shagon kada ya rubuta a bango wai daga masaƙar ƙarni na 19 aka samo.

Ta fuskar muhalli tsohon ne ke gaba. Kusan rabin nauyin busasshen katako kabon ne, muddin yana bango bai ruɓe ba, bai ƙone ba, wannan kabon bai koma iska ba, kuma ba a sare sabon itace ba. Tsarin tantance gine-gine irin su LEED na Amurka da BREEAM na Ingila suna ba da maki a kan kayan da aka sake amfani da su, hukumar FSC mai tantance asalin katako ma tana da tambari na musamman ga irin wannan katako. Sai dai ratar tana raguwa in an ketare teku da shi, kuma sunan "tsohon itacen tik" ya sha zama rigar da ake sa wa sabon da aka sare ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ba zai iya gaya maka daga wane gini katakonsa ya fito ba, cinikin biri a sama yake so ku yi.

To a aikace ga yadda nake rabawa. Bangon da ido ke fara sauka a kai in an shigo, gaban kanta, saman teburin taro, kantocin jera kaya, ƙofar ɗakin shugaba: a nan tsohon katako na gaske yake biyan kuɗin sabulu, domin filin kaɗan ne, mutane na zuwa kusa, suna taɓawa. Babban daɓe da ke kan siminti, ko faffaɗan bango a ginin da na'urar sanyi ke aiki dare da rana, ɗan tsaka-tsakin mai filawud ya fi, tunda ba ya motsi sosai, kuma dirka ɗaya tana rufe fili ninkin abin da za ta rufe a cikakken kauri. Rauninsa shi ne sau ɗaya ko biyu kawai za a iya sake goge shi kafin fuskar ta ƙare. Matakalar fita, baranda, silin mai faɗi, da duk abin da ke ɗaukar nauyi, sabo mai tambari da takarda. Kicin, banɗaki da ɗakin duba marasa lafiya, inda ake son fuskar da ba ta shan ruwa kuma tana wankuwa, katako ma gaba ɗaya ba nan ne wurinsa ba.

In ka yanke shawarar sayen tsohon, je ka ga lodin da idonka, kada ka dogara da guntun samfurin da aka aiko, domin mafi kyawu ake zaɓowa. Ka sa a rubuta a takardar ciniki jinsin itacen, inda ya fito, zafin tanderu da tsawon lokacinsa, danshin da zai iso da shi, sakamakon gwajin dalma, da wanda zai biya in ƙusa ta fasa wuƙar inji. In ya iso, a jera shi a cikin ɗakin da za a kafa shi, da 'yan sanduna a tsakani, na'urar sanyi a kunne, mako ɗaya ko biyu, har awon danshi ya daina sauka. Ka kuma ware falanki goma ko sha biyar daga wannan lodin, a shafa musu banis ɗin da aka shafa wa sauran, a rubuta kwanan wata a bayansu, a ajiye a sito a kwance. Ranar da bututu ya fashe a bayan kanta, ko mai gyaran wuta ya huda bango a inda bai kamata ba, su za a ɗauko.